Idon Aro

Shekara uku ina kiwon wata dabba
a littafin makaranta mai layi-layi.
Da rana ina auna atamfa a Kejetiya,
da dare in ciyar da ita da biro.
Ƙarƙashin kasuwa take, inda aka danne rafin Subin da kankare.
Ba ta cin mutum, ba ta cin akuya,
abin da aka manta shi take haɗiyewa:
warin ɗan kunne, canjin da ba a karɓa ba,
sunan kakar kakarka.
Na san tarinta, na san ƙarnin numfashinta.
Fuskarta ce ban taɓa gani ba.

Aka ce in nemi Mutala a Abuabo,
mai zana allon masu aski,
kawuna goma sha biyu, duk suna kallon hagu.
Ya karanta shafi bakwai a tsaye
har fenti ya bushe a burushi,
ya ce in dawo ran Laraba.

Ran Laraba idanu na tarar.
Idanu kamar faifai, kowanne da 'yar taga a ciki,
hanci ɗigo ɗaya,
gashi a tsaye kamar tsintsiyar da aka jingine.
Na ce, Mutala, wannan ai 'yar Japan ce,
tawa a kwata aka yanke mata cibiya.

Ya goge hannu a wando, yana dariya.
Ya ce shi ba malami ya koya masa ba.
Wani gidan kallo ne bayan masallaci, yana ɗan shekara tara,
katun na Japan, ba fassara, ba mai jin ko kalma.
In an ɗauke wuta, hoton ƙarshe ya maƙale masa a ido,
sai ya ruga ya sauke shi da gawayi a bango
tun bai huce ba.

Ya ce, su ma ai aro suka yi, haka na ji.
Masu zanen can suna karanta marubutan ƙasashen sanyi,
masu macizai da fukafukai da takubba masu suna,
marubutan kuwa a bakin murhu suka tsinto,
wurin wata tsohuwa
da ba wanda ya sa sunanta a bangon littafi.
Garwashi ne, daga gida zuwa gida, a kan kasko.
Ke a murhun wa kika ɗebo?

Ban amsa ba.
Iya Adizatu na gani tana tsince shinkafa a tire,
tana hana mu bakin rafi da wata aba
wadda ita ma ba ta taɓa yi mata fuska ba.

Na kai mata takardar da yamma.
Yana ta cinye mata ido ɗaya,
ta kawo zanen har ya taɓa hancinta,
ta daɗe.
Ta ce, kunnuwan sun yi kaɗan,
tamu ta Salaga nata har ƙasa suke ja.
Amma idon haka yake.
Mai tsintar abin da duniya ta yar,
da ƙaramin ido za ta yi aikin?

Mutala ya ja kunnuwan, ya ƙara mini kuɗi.
Mai ɗab'i a Adum ya buga ɗari biyu,
shuɗin ya fito kore, na haƙura.
Goma sha tara na sayar, uku bashi.

Jiya na biya ta rumfarsa in ba shi cikon kuɗinsa.
Wata yarinya na durƙushe a kan benci,
farantin lemunta a gefe, ƙuda na bi,
tana kwafar bangon littafina a bayan kwalin sabulu,
harshe a waje.
Ta yi idon, ta yi kunnuwan,
sai ta ɗora ƙaho guda, karkatacce.

Ni ban rubuta ƙaho ba.

Na koma gida, na kunna fitila, na duba.
Akwai wurinsa a shafi na arba'in.